Kore da Shuɗi a Ɗakin Kaka

Tun bara nake neman wanda zai zauna ya saurare ni a kan maganar ido, amma duk wanda na tare sai ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. To tunda baki ya gaji, na sayo littafin rubutu. Abin da na gano shi ne, ido yana tsufa ta wajen launi tun mai shi bai sani ba. Mutum zai ga allura a ƙasa ya tsinta, ya hango baƙo tun daga bakin kasuwa ya faɗa maka ɗan gidan wane ne, amma ka shigar da shi ɗaki mai duhu-duhu ka miƙa masa kore da shuɗi, sai ya rantse maka abu ɗaya ne. Ba a makaranta na koyi wannan ba, don a aji huɗu na tsaya na kama gyaran keke da fitila. A kan kakata na koya, kuma ban koya a banza ba.

Kakata ce ta wajen uba. A unguwarmu nan Kontagora in aka ce faifai, to ita ake nufi. Tun kafin a haifi Baba ba a taɓa fitar da amarya daga gidanmu ba tare da faya-fayanta a bango ba, kuma ta san da haka, ba ta bari kowa ya manta. In aka kawo mata na wata ta duba, da yatsa biyu take riƙewa kamar mataccen ɓera, ta tambaya ko akuya ce ta saƙa. Akwai wata mata daga Tungan Magajiya da ke kawo nata ranar kasuwa, aikinta tsaf, mutane na saye. Kaka ba ta taɓa kiran ta da komai ba sai "mai tabarmar kaji."

Ga yadda take aikinta, don a nan maganar take. Da hantsi take rina kaba da galura a tsakar gida, ja daban, kore daban, shuɗi daban, ta shanya. Da sun sha iska sai ta kwashe ta shige da su ɗaki, shi ke nan rana ba ta ƙara ganin su. Ɗakin nata zagayayye ne, ƙofar sai ka durƙusa, taga kuwa ta ce ta ɓarayi ce da 'yan sa ido. Bayan la'asar take shiga ta saki asabari, ta kama saƙa har a kira magariba. Hujjarta biyu. Rana tana busar da kaba ta riƙa karyewa a hannu. Sannan matan unguwa ɓarayin zane ne, da sun gani sau ɗaya gobe ka gan shi a kasuwa. Faifan amarya kuma, a wurinta, ba a ganinsa sai ranar jere. Duk wanda ta gama sai ta naɗe a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Ka ga ke nan ita kanta ba ta taɓa ganin aikinta a hasken rana.

A shekarar da ake ta surutun za a daina fam da sule aka sa bikin ƙanwata, bayan girbin dawa. Kaka ta ce shida za ta yi mata, da wani zane da ba a taɓa gani ba, kore da shuɗi suna hawa kan juna kamar tsani. Wata biyu tana ciki tana fama. Ƙanwata kuwa ba ta da haƙuri ko na anini. Ranar da Kaka ta tafi barkar haihuwa sai yarinyar ta lallaɓa ta zaro ɗaya ta fito da shi rana. Ina bakin zaure ina facin taya na ji ta fashe da kuka.

Na zo na gani. Saƙar kam ba a magana, ta matsu, ko ruwa ka zuba ba zai wuce ba. Amma launin, kamar kaza ta taka galura ta bi ta kai. Tsanin ya fara daidai daga tsakiya, ya hau taki uku, sai kore ya shiga gidan shuɗi ya zauna, shuɗi ya rasa wurin zuwa ya faɗa cikin baƙi. Muka zaro sauran huɗun da ta gama. Duk haka suke, wani ma ya fi wani.

A nan na ga jarumtakar gidanmu. Inna ta ce ita suruka ce, ba da bakinta ba. Gwaggo, wadda Kaka ta haifa da cikinta, ta share hawaye ta ce Allah sarki tsufa, sannan ta tuna ta bar shanya a gida. Baba ya juya faifan, ya girgiza kai, ya ce idon tsohuwa ya tafi, washegari da asuba ya tafi Sahon Rami sayen dawar da ba wanda ya aike shi. Sai Inna ta kawo dabara. A sayi na matar Tungan Magajiya a ɓoye, ranar jere a rataya su, na Kaka a tura bayan gado. Kowa ya ce madalla, kamar Kaka ba za ta taɓa shiga ɗakin jikarta ba.

Ni dai na ga hanya biyu ce kuma duk ba daɗi. In an rataya nata, dangin ango su yi dariyar da za a shekara ana yi, a ce mai zagin faifan mutane ga nata. In ba a rataya ba, an binne ta tana numfashi. Na faɗi haka. Sai duk suka juyo suka dube ni, Gwaggo ta ce ai ga mijin Kaka nan, shi da ba a jin haushin maganarsa.

Sunan kakana na ci, marigayi mijinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai mai gida. Tsakanin jika da kaka kuwa kowa ya sani, ba abin da ba a faɗa. Na same ta a gindin turmi tana ɓare gyaɗa, matan gida duk sun kasa kunne suna yi kamar aiki suke.

"Amarya," na ce, "an ce idonki ya fara dundumi irin na kaji."

"Da dundumin ai na aure ka. Mai lafiyar ido me za ta yi da kai?"

Na ce mata da gaske nake, kore da shuɗi sun rikice mata. Ta tsaya da ɓarar ta tambaye ni a ina na gani. Ƙanwata ta yi wuri-wuri da ido daga bakin madafa. Na ce a mafarki. Ta ce to shi ya sa ba ta ganin cefane, ashe mijin nata kwana yake yana mafarkin faifai, maza na gona. Gidan ya kwashe da dariya, har da su Inna da suka aiko ni. Nan na gane abin da ba wanda ya gaya mini. Jika yana da izinin faɗin komai ne don ba a ɗaukar maganarsa a bakin komai.

Abin ya tsaya mini a rai. Yaya za a yi wadda ke zura zare a allura ba tare da ta kira kowa ba ta kasa raba launi biyu? Akwai wani malamin asibiti da ke kawo mini kekensa. Ranar da ya zo na ƙi taɓa keken sai da ya amsa mini. Ya ce a cikin ido akwai wani abu garai-garai kamar ƙwan fitila, ta cikinsa haske ke wucewa. Na yaro fari ne tas. Shekaru na tafiya yana dafewa, yana komawa ruwan ɗorawa, kuma shuɗi ne ya fi shan wahalar ratsa shi. Sannan wannan ɗan baƙin na tsakiyar ido, ƙofar haske ke nan, na yaro yana buɗewa sosai in an shiga duhu, na tsoho kuwa ya yi tauri, kaɗan yake buɗewa. A rana tsaka haske ya wadata, ba a gane komai. A ɗaki ne ko da yamma asiri ke tonuwa.

Wallahi ban san lokacin da na bar shi tsaye da kekensa ba. Ina da wani tsohon ƙwan fitila da hayaƙi ya dafar, ya yi ja-ja. Na tsinci guntayen kaba a inda Kaka ke shanya, na shiga ɗakina na rufe ƙofa rabi, na kara ƙwan a idona. Sai ga shuɗi ya mutu, ya matso kusa da kore har sai na yi da gaske nake raba su. Na cire, suka rabu. Na mayar, suka haɗu. Na fi sau ashirin ina yi. Kowa ma zai iya gwadawa, ba sai an je Kaduna ba, ƙwan fitila ne kawai da ɗaki.

Daga nan sai na ce bari in gwada a kan masu rai. Baba ya dawo daga gudun hijirarsa, kuma kullum da yamma yana zama a zaure da abokansa biyu, wani tela da wani mutumin Salka da ke kawo masa hatsi. Na bari rana ta yi sanyi, zauren ya yi duhu-duhu, na shiga da kaba ashirin a hannu, goma kore goma shuɗi. Na ce musu gardama muka yi da wani yaro, a taimaka a raba mana.

Tela ya fara karɓa, yana cewa shi da ya shekara talatin yana zaɓen zare, ko a rijiya aka jefa shi zai raba. Ya raba, huɗu suka tafi gidan da ba nasu ba. Baba ya yi masa dariya, ya ce kawo nan, ya gyara zama ya raba a tsanake kamar mai rabon gado. Uku ya ɓata. Shi fa ne mai girgiza kai yana cewa idon tsohuwa ya tafi. Mutumin Salka ko hannu bai miƙa ba. Ya ce da irin Hausarsa, su a wurinsu in tsoho yana son sanin launin abu yaro yake kira, kuma bai taɓa jin hular wani ta faɗi saboda haka ba.

Na kwashi rabon kowa na kai bakin ƙofa inda sauran haske yake, na ce su zo su gani. Tela ya duba ya ce galurar zamanin nan ce ba ta da albarka. Baba ya duba ya daɗe, sannan ya ce tun ranar da na bar makaranta ya san ba ni da tarbiyya.

Don kada a ce na ɗauke kaina, ni ma na zauna da kabar, har da ja, a tsakar gida bayan sallar magariba ina kallo. Ja ne ya fara tafiya, ya koma baƙi ƙirin a hannuna, alhali shuɗin yana nan da ɗan haskensa. Can kuma duk suka zama toka. Ashe duhu yana ƙwace wa kowa launi. Tsoho dai tun la'asar ake fara karɓar nasa.

Saura sati uku biki, Inna har ta aika wa matar Tungan Magajiya. Na ga in ban yi wani abu ba an gama. Tunda malamin ya ce a rana ido na gani, to abin da ya rage Kaka ta ga aikinta a rana. Amma in na ce mata nata ne, tsintsiya za ta ɗauka kafin ta duba. Sai na yi wata dabara da a lokacin na ɗauka ba mai wayona a ƙasar Kontagora.

Da hantsi tana zaune a rana tana cin goro, na zaro ɗaya daga ƙarƙashin gadonta na zagaya ta zaure na shigo da shi kamar daga kasuwa nake. Inna na daka, Gwaggo ta zo gaisuwa, ƙanwata na wanke-wanke. Na miƙa mata na ce ta ga abin da mai tabarmar kaji ke sayarwa yanzu.

Ta karɓa da yatsa biyu. Kai, ranar ta yi zagi mai daɗi. Ta ce wannan ko makaho aka ba kaba zai ji kunya. Ta ce a duba nan, kore ya shiga shuɗi kamar baƙon da bai yi sallama ba. Ta tambaya ko matar ba ta da 'ya'ya ne, ko maƙwabta, da za su bari ta fito da wannan bainar jama'a. Ta kira Gwaggo ta zo ta taya ta gani, Gwaggo ta ƙi motsi. Sai ta kifa faifan don ta zagi bayansa, babban yatsanta ya sauka a kan cibiyar, inda ake fara saƙa. Kowace masaƙiya da irin ƙullinta a wurin. Ta shafa. Ta bi bakin da yatsa har ya zagayo. Taɓaryar Inna ta tsaya.

Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Gwaggo.

"Ku nawa kuka sani?"

Gwaggo ta dubi ƙasa.

"Ke da na haifa. Kina zuwa kullum kina ce mini sannu da aiki."

Sannan ta juyo kaina ta ce, "Kai yaro, kwaso sauran."

Kai yaro. Tunda nake ban taɓa jin wannan a bakinta ba. A nan na ga abin da wayona bai gani ba. Na sa ta zagi kanta da bakinta, a gaban surukarta. Da na ja ta bayan ɗaki mu biyu, da rana ɗaya ce za ta nuna mata. Amma ina son a ga na iya.

Na kwaso. Ta jera biyar ɗin a ƙasa a rana, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa bakina bai san ya yi shiru ba, na fara yi mata bayanin ƙwan fitila, na ce ba laifinta ba ne, har Baba ma uku ya ɓata, a fasa mata taga kawai, ko in riƙa raba mata kabar ina ƙulla wa shuɗi alama. Ta bar ni na gama. Ta ce wa ƙanwata ta kawo mata wuƙa.

Ranar ta farke su duka. Kaba kore da shuɗi da suka rage ta tattara ta watsa wa awaki. Washegari ta rina ja da rawaya, ta bar wata fara yadda Allah ya yi ta. Ta jawo tabarmarta bakin ƙofar ɗaki inda rana ke faɗowa, ta ba tsakar gida baya, ta sa aka ɗaura zane a igiya don masu sa ido, ta ajiye ƙwaryar ruwa tana tsoma kabar kada ta bushe. Tun hantsi take farawa, da inuwa ta rufe ƙofar sai ta naɗe. Yatsunta suka kumbura. Baba ya je ya durƙusa ya ce ta huta, ta tambaye shi ko dawar Sahon Rami ta yi araha. Ni ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Aikin wata biyu ba ya shiga sati uku. Uku ta gama.

Ranar jere ni aka sa in je in kafa ƙusoshi a ɗakin amarya kafin mata su cika. Inna ta ce in kafa shida, na kafa shida. Ba a saba Kaka ta je jere ba, aikawa take yi, amma ranar sai ga ta da sandarta da ƙunshinta a ka. Ta kwance da kanta. Ja da rawaya da fari, zanen kamar harshen wuta, tun daga ƙofa yake kiran mutum. Aka rataya uku a tsakiya. Ƙusa uku suka rage tsirara, kowa na kallon su yana yi kamar bai gani ba.

Gwaggo ta yi ta murza bakin mayafi, can dai ta zaro na matar Tungan Magajiya daga cikin wata ƙwarya, guda uku, ta ce wai an saya ne don ko za a buƙata. Na ce a raina yau akwai kallo. Kaka ta karɓa, wannan karon da hannu biyu, ta fita da su waje inda rana take. Ta daɗe tana juyawa.

"Bakin ya yi sako-sako," ta ce. "Amma shuɗinta shuɗi ne."

Ta dawo ta miƙa wa ƙanwata, ta ce ta riƙa rufe tuwon mijinta da su, ai don haka aka yi faifai. Bango kuwa ba a gauraya mata shi. Wata daga dangin ango ta ce cikin raha ai uku sun yi kaɗan a wannan ƙaton bango, a gidansu takwas ake jerawa. Kaka ta ce ta ga takwas ɗin lokacin da ta wuce ta tsakar gida, Allah ya ba wadda ta saƙa lafiya. Ƙanwata ta ɓata rai, ita shida aka yi mata alkawari, kuma har yau in an yi faɗa takan tuna mini ni na cinye mata uku.

Aka ce in cire ƙusoshin da suka rage. Na kafa su da ƙarfi, sai da na sha wuya, ta ƙarshen ma ta taho da ɓangaren bango. Kaka na tsaye a kaina da sanda har na gama. Mata suka ce ta zauna a kawo mata fura, yanzu za a fara guɗa. Ta leƙa waje ta dubi inda rana ta kai, ta ce a'a, a nemo mata takalmanta, gida za ta tun da sauran haske.